Hannayen da Aka Rufe da Gyale

Da aka fito da Shefali daga motar 'yan sanda a harabar kotun Rangpur, ƙafafunta sun ƙi ɗaukar ta, jan ta aka yi kamar buhun shinkafa. Marainiya ce mai ɗinkin barguna, ba ta da kowa sai ƙanen mahaifinta, Baffa Mokbul, shi ne kuma ya rantse ita ta cinna wa rumbun ramarsa wuta. Ƙarya yake yi, baƙin azzalumi! Tafkin kifin da ubanta ya bar mata yake so, ta ƙi saki. Kwananta huɗu a caji ofis, amma a takarda an rubuta jiya aka kama ta, yau kuma 'yan sanda sun zo neman ƙarin kwana bakwai na tsare ta... ita kuwa ta san ba za ta kai bakwai ɗin da rai ba.

A bakin matakala Sufeto Tofazzal ya sa aka lulluɓe hannayenta da gyalenta, ya sunkuyo da bakinsa ja jir da ganyen taunawa. “In alƙali ya tambaye ki, ki ce lafiya lau. Ki tuna hannuna za ki dawo, 'yar banza.”

Aka tura ta cikin kejin ƙarfe. Alƙali ko kai bai ɗaga ba, mutum talatin ke layi. “Akwai ƙorafi?”

“Babu, ranka ya daɗe...” Hawaye na zuba, babu hannun sharewa. A ranta ta ce, ya Allah, Kai kaɗai Ka rage mini.

Sufeto ya miƙa takarda yana murmushi. “Ta ma amsa laifinta jiya, ga dangwalen yatsanta. Waɗanda suka yi laifin tare da ita muke nema.” Baffa Mokbul na baya yana gyaɗa kai, ko kunyar Allah ba ya ji!

Alƙali ya ɗauki alƙalami ke nan wata tsohuwar lauya mai suna Dilruba, wadda ke tsaya wa marasa galihu, ta miƙe. “Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta da lauya. Bari ta dangwala mini takardar wakilci.” Ta matso da tawada. “Kawo hannunki, 'yata.”

Tana taɓa gyalen, sai Shefali ta ƙwalla ƙarar da ta tsayar da kotun cik. Gyale ya zame... Innalillahi! Yatsu goma sun kumbura sun yi baƙi, manyan yatsun biyu a karye, ƙumba ta fita.

Dilruba ta fizge takardar sufeto. “Ku duba dangwalen nan, tsaf da shi! Wannan yatsan ne ya yi shi jiya? Ciwon nan ma na kwana ɗaya ne? Ku ji tsoron Allah!”

Sai a lokacin alƙali ya ɗaga kai. Ya ƙi ba 'yan sanda ko awa ɗaya, ya tura ta asibiti, ya sa a binciki dangwalen. Ashe na matar Baffa Mokbul ne, rumbun ma da hannunsa ya ƙona bayan ya kwashe ramar.

Bayan wata uku Shefali ta dawo kotun a matsayin shaida, tafkinta na hannunta, yatsunta sun fara riƙe allura. A cikin kejin nan ga Baffa da Tofazzal da aka tuɓe wa kaki, ana neman a tsare su kwana bakwai a caji ofis. Tofazzal ya fashe da kuka. “Ranka ya daɗe, don Allah kada a mai da ni can! Na san abin da ake yi a can!”