Huɗar Kudu, Geron Arewa

Aina'u na durƙushe a bakin murhu tana tuƙa tuwo, mahaifinta Malam Dabo ya kashe rediyo ya juyo a kan tabarmarsa.

"Daga ina kika ce yaron nan yake?"

"Tudun Wada, Baba," ta amsa, kanta a ƙasa.

"Tudun Wada! Kaltume, fito ki ji 'yarki! Duk samarin Ɗanbatta da Makoɗa ba su yi mata ba, sai da ta tsallake birnin Kano ta kwaso mana ɗan kudu!"

Inna Kaltume ta leƙo daga ɗaki. "Haba Malam, ai duk jiha ɗaya ce."

"Jiha ɗaya a bakin gwamnati! Mutanen da dam ke yi wa noma? Mutanen da tuwon masara ya sanyaya wa ƙashi?"

Shi dai Malam Dabo, idan aka ce an yi ruwa a kudu, cewa yake ragowar na arewa ne ya gangara. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Rano ta'aziyya, kuma har yau yana ba da labarin yadda sauron can ya ɗaga masa hula.

A makarantar koyon jinya a Kano Aina'u ta haɗu da Uwaisu, ranar da ya kawo wa ƙanwarsa buhun shinkafa. Yaro ne mai kunya da ladabi. Ya zo gaisuwa, ya durƙusa har ƙasa, Malam Dabo ya duba shi sama da ƙasa bai sami abin kushewa ba. Wannan ya ƙara ɓata masa rai. Da ƙyar Inna Kaltume ta shawo kansa ya ce a turo magabata bayan damina.

Da Uwaisu ya tsaya a nan, da babu labari. Amma soyayya ta hana shi zama.

Damina ta riga ta sauka a kudu, sun gama huɗa sun yi shuka. A arewa kuwa ko ɗigo ba a yi ba. Uwaisu ya tuna wata gonar Malam Dabo da Aina'u ta taɓa nuna masa a bakin hanya, fetal, babu kunya ko ɗaya. Tausayin tsohon ya kama shi. Sai ya tara abokansa cikin mota, kowa da garmarsa, suka nufo arewa don yi wa suruki gayya ba tare da sanarwa ba.

Ranar kasuwar Ɗanbatta suka dira, mutanen ƙauyen duk sun watse sun tafi cin kasuwa. Suka faɗa wa gonar da waƙa.

"Kai, wannan ƙasa ce ko gari?" in ji ɗayansu. "Ko da cokali sai a nome ta!"

Abin da ba su sani ba, Malam Dabo ya riga ya yi binne. A yashin arewa, manomi kan binne gero a busasshiyar ƙasa ya bar shi yana jiran ruwan farko, gona kuwa ka gan ta kamar ba a taɓa ta ba. Kafin azahar samarin kudu sun kife gonar kaf, sun tura irin can ƙarƙashin kunya inda ba zai ƙara ganin rana ba. Wasu tsofaffi da ke gindin kuka sun ga komai, amma ba wanda ya hana su. Sun daɗe ba su sami abin kallo irin wannan ba.

Da la'asar Malam Dabo ya sauko daga motar kasuwa, ya tarar da Uwaisu tsaye a bakin gona, jiki duk ƙura, baki har kunne.

"Sannu da zuwa, Baba! Ɗan abin da muka iya ke nan."

Malam Dabo ya dubi gonar, ya dubi yaron, ya dafa kai.

"Irina! Irin da na gada daga ubana! Kudawa sun binne ni da rai!" Ya nuna hanya da sanda. "Kwashe garemaninku! In na sake jin sunanka a gidana, har Aina'un sai ta bar shi!"

Aina'u ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Da ta sami sarari ta kira shi a waya.

"Me ya kai ka, Uwaisu? Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Wallahi surprise na so in yi masa."

"To ai ka yi! Duk ƙauyen nan ba wanda bai sha surprise ba!"

"Please, ki bar kuka. Abokaina sun tafi, ni ina nan. Babana Alhaji ma ya kira ni, wai in dawo, 'yan mata sun cika Tudun Wada, ba zai bari mutanen yashi su wulaƙanta masa ɗa ba. Na roƙe shi ya bar ni in gyara ɓarnata, ya ce in yi ta zama har in zama rairayi."

Ya zauna ɗin kuwa. Liman ya ba shi shago a ƙofar gidansa. Kullum da safe sai ya je ya gaida Malam Dabo, kullum Malam Dabo sai ya amsa wa iska. Yara suka sa masa suna Mai Gayya.

Aina'u ba ta yi yaji ba, ba ta daina cin abinci ba, ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Ta dai san mutumin da ya haife ta. Wata rana da hantsi ta dama masa fura mai sanyi, ta ajiye, ta durƙusa.

"Baba, na haƙura. Abin da ka zaɓa shi na zaɓa."

"Allah ya yi miki albarka."

"Abu ɗaya ne ke damuna. Maganar da za a yi a kasuwar Tudun Wada."

Ludayi ya tsaya a hanya. "Wace magana?"

"Cewa za su yi sun zo sun yi wa mutanen arewa huɗa irin ta maza, har yau an rasa wanda ya iya shuka a kanta. Kuma wai an kori yaron ne don babu abin da za a iya koya masa."

Malam Dabo ya dire ƙwarya har fura ta fantsama.

"Ni? Ni Dabo? Kaltume! Ina ragowar irin nan da kika ɓoye a tulu? A kira min Mai Gayya!"

Ruwan farko na sauka, aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Malam Dabo a gaba, ɗan kudu a baya riƙe da sungumi.

"Sara a hankali, ba rijiya na ce ka haƙa ba! Taka da diddige! Haka kuke yi a garinku, kamar mai kashe kunama?"

"A yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin ne ya hana ni dukanka!"

Hannun Uwaisu ya yi kanta, rana ta mayar da shi kamar gawayi. Ya yi noman fari, ya yi maimai, ya sha zagi iri-iri, bai taɓa ɗaga kai ba. Aina'u kan kai abinci gona, ta ajiye ta juya. Kallo ɗaya suke yi wa juna, shi ke riƙe su har gobe.

Gero kuwa ya samu kunya mai zurfi da ke riƙe laima, sai ya tashi kamar an aike shi sama. Waɗanda suka gani sun rantse cewa ladan ya kai ƙara, wai gonar ta tare masa ganin wata.

Da kaka Alhaji Hashimu, mahaifin Uwaisu, ya zo da kansa don ya tafi da ɗansa. Ya tarar da dammunan gero jibge a ƙofar gida, sun fi rumbu tsawo, jama'a sun kewaye suna kallo. Ya gyara babbar riga.

"Malam, ka ga aikin huɗar kudu ko?"

"Huɗa? Irin arewa dai, Alhaji! Kuma ni na koya wa ɗanka riƙon sungumi. Da ya zo, ko akuya ta fi shi."

"Ɗan nawa? To yau zan tafi da abina, mu ga wanda zai yi maka huɗa baɗi!"

"Ka tafi da wa? Yaron da na sha wahalar gyarawa? Na ba shi Aina'u! In ka isa ka hana!"

"Ni za ka riga kyauta? Na karɓa! A faɗi sadaki yanzu, kudu ba ta cin bashi!"

Liman, da ya san halin mutanensa, bai bari sun huce ba. Nan take ya sa aka kawo goro, aka shafa fatiha. A cikin gida Aina'u ta faɗa jikin Inna Kaltume, kuka da dariya suka haɗe mata, guɗa ta tashi har maƙwabta.

To 'yan mata da samari, ku duba. Gaggawa ce ta kusa raba su, haƙuri da biyayya ga iyaye suka haɗa su. Kuma Allah bai raba albarka da kudu da arewa ba, mu ne muka ja layin.

Amarya da ango suka tare a unguwar Bacirawa a Kano. Malam Dabo na zagaya kasuwa yana shelar cewa arewacin birni ne, don haka arewa ta ci. Da maganar ta isa Tudun Wada, Alhaji Hashimu ya aiko a tambaye shi: in ya tashi zuwa ganin 'yarsa daga Ɗanbatta, wace kusurwa motar ke fuskanta?