Bindigar Da Aka Goya

Ruwa ya ɗauke bayan sallar Juma'a, amma Keffi ba ta gama farkawa ba. Tururi na tashi daga kwalta a hankali. Insifekta Zailani na zaune yana kallon ɗigon ruwa daga bakin kwano, shayinsa ya huce bai sani ba, sai Kofur Martina ta shigo ta buga ƙafa.

"Oga, bindiga ta ɓata a Gangaren Tudu. Ajin Baba Boaz. DPO ya ce in ba a same ta kafin magariba ba, a tsare Baba zai kwana."

Boaz tsohon saje ne mai ritaya. Shi ya koya wa Zailani fareti tun yana kurtu. Yanzu a wani shago bayan gidansa yake koya wa masu neman lasisin bindigar farauta yadda ake riƙe ta ba a kashe kowa ba. Kwana biyar, sannan ya sa musu hannu a takarda. Yau ce ranar ƙarshe.

Suka tarar da shi a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Ɗalibai sun tafi masallaci, na kulle, na tafi cin abinci," in ji shi.

Zailani ya dubi kwaɗon, lafiyarsa ƙalau. Ya dubi kuncin tsohon.

"Baba Saje, abincin nan a kan tabarma ka ci shi da kumatu? Ga shatinta nan."

Boaz ya sunkuyar da kai. "Fura na sha, Zailani. Ruwa na dukan kwano. Ido ya rufe, ban kulle ba."

A kan teburi harsasai biyu na tsaye, kafaɗa da kafaɗa, kamar masu jiran liman.

"Na koyarwa ne, babu albarushi," in ji Boaz. "A cikinta na bar su don jarrabawa. Dokata ta farko: ka ɗauki bindiga, ka karya ta ta buɗe, ka cire harsashi, ka tsayar da shi inda ido zai gani."

"To ɓarawonka ya ci jarrabawa."

Tururuwa ta yi layi zuwa wani maiƙo a gefen teburin. Zailani ya shafa, ya sansana. Man shanu. Ƙamshin ya ja shi can baya, ɗakin kakarsa da wata safiya mai sanyi. Sai da Martina ta yi gyaran murya ya dawo.

Ɗalibai bakwai ne, makiyayi ɗaya. Hammadu, dogo, idonsa ja kamar wanda ya daina barci.

"Me za ka yi da bindiga?"

"Tsaron shanu, Yallaɓai."

"Waɗanne? An ce farkon damina an kore muku su a hanyar Panda."

Hammadu ya kawar da kai. Zailani ya sake jefo wata tambaya.

"Wa ke kawo fura nan?"

"Innata, Hawwa. Ƙarƙashin taga take zama. Amma yau ba ta zo ba."

"Yau ba ta zo ba, Baba kuma ya sha fura."

Zailani ya zagaya bayan tagar. Ƙasa duk ta jiƙe, sai wata da'ira guda busasshiya, daidai gindin ƙwarya. Daga nan ana jin duk abin da ake faɗa a aji.

A bakin titi Huraira mai awara tana fifita wuta.

"Ni ban ga kowa da bindiga ba, Oga Insifekta, kada ku sa ni a takarda. Inna Hawwa kaɗai ta wuce, ƙwarya a ka, goyo a baya, ta lulluɓe shi saboda ruwa."

"Goyo?"

"Ni ma na ce jikan wa? Da safe dai bayanta wayam ta zo. Kuma yaron ko motsi."

Motarsu ta bar kwalta ta shiga ciyawa, ta nufi rugar su Hammadu. Hammadu da Boaz na baya. Gajimare ya sauko har kan duwatsu. Zailani ya ji kamar ba tafiya suke ba, rugar ce ke tahowa.

Bukkoki uku, turaku da yawa, shanu biyu. Inna Hawwa na zaune a kan tabarma. Ba ta tashi ba.

"Kun yi sauri, ɗana."

"Inna, ina goyon?"

"Yallaɓai, ni na ɗauka!" Hammadu ya sha gabansa.

"Rufe mana baki," in ji ta. "Kai ko karya ta ba ka iya ba sai malam ya kama maka hannu."

Ta shiga bukka, ta fito da ƙunshin zane. Ta kwance. Bindigar na ciki, an raba ta biyu, tana ƙyalli, tana ƙamshi.

Boaz ya kama baki. "Man shanu? A bindigata?"

"Kai ka ce kada a bar ta da damina babu mai, tsatsa za ta ci. Tun kafin in naɗe ta na shafa mata. Mu shi muke shafa wa sanda. Kayan mutane ne, ba zan lalata ba."

"Me ya sa, Inna?" in ji Zailani.

Ta dubi turakun da babu komai.

"Kwana biyar ina jin karatun nan. Malam ya ce mai fushi ba ya taɓa bindiga. Wannan kuwa ko a barci sunan mutum ɗaya yake kira, wanda yake zargi da shanunmu. Na ce in bindiga ta ɓata, aji ya watse, babu takarda. Shanu sun tafi, na haƙura. Shi ba zan iya rasa shi ba." Ta juya ga Boaz. "Ban san kai za a kama ba. Ka yafe."

Boaz ya daɗe yana kallon Hammadu. Sannan ya zaro takarda daga aljihu, ya ninke ta, ya mayar.

"Bana dai ba zan sa hannu ba, Inna."

Ta sauke numfashi. Ta gyara ɗankwali, ta miƙe da kanta.

"Sai mun je ofis," in ji Zailani, a hankali. "Zan rubuta yadda ya faru."

"Na sani. Hammadu, ka tatsi jar saniyar nan kafin duhu."

Martina ta haɗa bindigar, ta rataya a hannu, ta buɗe ƙofar mota. Inna Hawwa ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya.

"'Yata, bakin bindiga ƙasa ake juya shi. Kuma cire yatsarki daga kan kunama."

Martina ta cire.