Rumbu na Huɗu

Ran nan da hantsi Rifkatu na surfe a tsakar gida, Dada mahaifiyarta na tsince kuka a bakin ɗaki, sai aka ji ƙararrawar keke a waje, ƙirrr, har sau uku. Duk 'yar unguwar Kiristan nan da ke bayan Farin Dutse, a ƙasar Gwaram, mutum ɗaya ne ke buga ƙararrawa kamar shi ya ƙera ta.

"Ga naki nan, sarkin cika baki," in ji Dada.

Ɗanladi ya shigo ya durƙusa ya gaida surukarsa, sannan ya juya wajen Rifkatu. "Daga Birnin Kudu nake. Tun daga kasuwa nake tsere da wata tifa, sai da direban ya leƙo ya ce min sori."

"Tifar tafiya take, ko a tsaye take?"

"Ke dai ba ki san darajar abin da Allah ya ba ki ba."

Damina biyu ke nan Ɗanladi na kawo gayya gonar Baba Barau, uban Rifkatu, kamar yadda ake yi wa surukai. An sa biki bayan Ista, shi kuma yana ajin baftisma. Abu ɗaya ne ba wanda ya lura da shi: in ya shigo gidan nan ba ya kallon kusurwar gabas.

A kusurwar akwai duwatsu tara baƙaƙe ƙirin, gindin wani rumbu da ya ƙone shekara takwas baya. Ranar da abin ya faru, Ɗanbala, wan Rifkatu, na barcin rana a inuwarsa. Wuta ta kama jinka, ta lashe dawar shekara guda. Aka laluba aljihun yaron aka sami guntun sigari. Baba Barau ya ɗaure shi a turken jaki, ya dake shi da ƙotar fartanya har kunnensa ɗaya ya daina ji. Yaro na cewa ba ni ba ne, uba na cewa ga ƙarya kuma. Da ya warke ya bi motar masu ɗibar soja, yaƙin basasa ya ci shi. Abin da ya dawo gida takarda ce da bargo.

Wanda ya kunna wutar kuwa Ɗanladi ne. Shekararsa goma sha huɗu a lokacin, ga tsokana kamar ɗan akuya. Ciyawa ya cinna wa wuta kusa da ƙafar mai barci, don kawai ya ga yadda zai zabura. Iska ta juya. Ya haye tsamiya, ya kalli dukan nan tun daga farko har ƙarshe, bai ce uffan ba.

Shekara takwas yana rufe abin da surutu da dariya, kuma rufin na aiki. Sai da ya fara zama gaban mai bishara a ajin baftisma. Tsohon ya ce musu Almasihu ya riga ya ɗauki nauyin kowa kyauta, amma mai ɓoye miki a hammata shi ke hana kansa magani. Tun daga ranar maganar ta hana Ɗanladi sakat. Yau ma ba tsere da tifa ya kawo shi ba. Tsoro ne ya sa bakinsa ke gudu.

Baba Barau ya dawo daga jeji, ya jingina gatarinsa. Ɗanladi ya cire hula, ya zube a gabansa, ya faɗi kome. Har tsamiyar bai bari ba.

Taɓarya ta tsaya a hannun Rifkatu. Dada ta kife ƙwaryar kuka ba ta sani ba.

"Maimaita," in ji Baba Barau.

Ya maimaita.

Tsohon ya daɗe yana kallon duwatsun nan, sannan ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi ashar ciwo. "Ni dattijon ikilisiya ne, ba zan kai ka gaban alƙali ba. Rumbu ka ƙona, rumbu za ka gina. Nan, a kan duwatsun nan. Ba gayya, ba jaki, ba mai miƙo maka ƙasa. Ran da ya tsaya sai mu yi maganar aure."

Ko yaro ya san ba a gina rumbu da mutum ɗaya. Layi-layi ake ɗora shi, kowane layi sai ya sha iska, in ya yi tsawo kuma dole wani na ƙasa yana cilla wa magini curi. Baba Barau ya fi kowa sani.

Rifkatu ta sami Ɗanladi a zaure yana ƙoƙarin fitar da keke.

"Kana kan tsamiya?"

"Ina kai."

"Ni ina riƙe da ƙafar Baba ina ihu, shekarata goma. Kai kana kan tsamiya." Ta kwance ɗankwalin da ya sayo mata, ta rataya masa a kan keken. "Me ya hana ka mutu da maganar a cikinka? Ga biki saura wata biyu."

"Na gwada, Rifkatu. Ta ƙi zama."

Ta juya ta koma cikin gida.

Shekarar fari ce, shekarar da aka fito da naira. Rijiyoyi sun ƙafe, sai an tona yashin rafi mai nisa ake samun ruwa. Ɗanladi ya riƙa ɗauko garwa biyu a kafaɗa, sawu shida kafin rana ta take, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa da ƙafarsa, ya ɗora layi, ya jira. Mako uku gini ya kai ƙirji. Baba Barau ya zo ya zagaya shi, ya ce, "Ya karkace," ya sa ƙafa. Aikin mako uku ya zube kamar tulin toka.

Na biyu ya ce ciyawa ta yi kaɗan. Na uku ko dalili bai bayar ba. Ya bari sai da ya kai kafaɗa, ya kira 'yan unguwa su zo su ga aikin surukinsa, sannan ya sa taɓarya a gabansu.

Samari suka sa masa suna Injiniya. Kawunsa ya ce, "Kai wane irin soko ne? Kano ana ta gini, lebura ma rediyo yake saye. Mata sun ƙare ne?" Har Malam Hambali, maƙwabcinsu Musulmi, ya tsaya da jakinsa a bakin danga ya ce, "Barau, ko wannan dabbar in ta gaji ina sauke mata kaya." Baba Barau ya ce kowa ya ji da gidansa.

Hannun Ɗanladi ya tsattsage, in ya dunƙula sai jini. Wata safiya ya tarar da man kaɗe a naɗe cikin ganye a bayan duwatsu. Bai kai ga shafawa ba tsohon ya gani, ya fizge, ya jefa wa kare. Daga madafa aka ji kamar wani ya ja hanci, ba a ga kowa ba.

Ista ta zo. Ɗanladi ya ce wa mai bishara a ɗage masa baftisma sai ya gama biya.

"Biyan me?" in ji tsohon. "Barau ne ke jiran rumbu. Ubangiji bai ce ka kawo masa ko curi ɗaya ba. Shiga ruwa."

Aka yi masa a ɗan kududdufin da aka tona a yashin rafi. Ya fito yana kuka kamar ba shi ne mai tsere da tifa ba. Washegari ya koma kan garwarsa, sai dai yanzu ba don ya wanke kansa yake ginin ba. Tausayin Baba Barau ne ya kama shi. Ya lura duk Lahadi, in Baba Barau na jan addu'a a majami'a aka iso wurin neman gafara da yafe wa juna, sai tari ya sarƙe shi, wani ya ƙarasa.

Rumbu na huɗu Baba Barau ya ƙyale shi ya tashi. Ɗanladi ya riƙa hawa tsani da ƙasa a kwando, ya sauko, ya sake hawa, har gini ya wuce tsayin mutum, baki ya tsuke. Saura yaɓen ciki da layi biyu na ƙarshe. Tsani ɗaya gare shi. In ya hau bakin sai ya jawo shi ya zura ciki ya sauka.

Yana ciki yana yaɓe, rana ta fara zafi, sai ya ga tsanin na tafiya sama. Baba Barau ne ya taka turmi ya zare shi. Ya ji an jefar da shi ƙasa, ya ji tsohon ya ja kujera ya zauna.

Wanda bai taɓa shiga rumbu da bazara ba, ya leƙa tanderun masu burodi. Kafin azahar gumin Ɗanladi ya ƙare, harshensa ya zama kamar ɓawon itace.

"Injiniya, da zafi?" Muryar ta ratso bango. "Ginin ɗanye ne ai. Sa kafaɗa ka fasa ka fito. Ka fasa da hannunka, kowa ya huta."

Gaskiya ne, bangaza ɗaya ta isa. Ɗanladin da can da tuni ya fito, har ya ba da labari a kasuwa cewa da ɗan yatsa ya rushe shi. Ya dafa bangon, ya ji yana motsi, ya janye hannunsa.

"Rumbunka ne, Baba. Na ɓata maka ɗaya, ba zan ƙara ba."

"To mutu a ciki."

Ya zauna a ƙasa. Ba shi da ƙarfin doguwar addu'a, abu ɗaya ya yi ta maimaitawa da muryar da ta dishe: "Ubangiji, abin da ka ba ni kyauta, ka ba Baba shi ma."

Can ya ji an dire tulu da ƙarfi har ya fashe. Rifkatu ce ta dawo daga rafi.

"Baba, me tsani ke yi a ƙasa? Ina yake?"

Ta sunkuya ta ɗauka. "Ajiye tsanin nan," in ji Baba Barau.

"An taɓa ɗaure wani a gidan nan ina kallo, lokacin ƙarama ce ni. Yau na girma. Sai dai ka haɗa da ni."

"Wanda ya kashe wanki kike wa wannan?"

Sai ga muryar Dada, wadda wata uku ba a ji ta ɗaga ta ba. Ba ta yi ihu ba.

"Barau, shi ya kunna wuta, ya zo da ƙafarsa ya faɗa. Wa ya riƙe ƙota? Shi har yau bai faɗa ba. Shekara takwas kana cewa ɗana ya jawo wa kansa. Yaron nan ya ƙwace maka wannan maganar, shi ne haushinka. Rushe rumbu ɗari, ba zai mayar maka da ita ba."

Daga nan Ɗanladi ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba, kamar sa da aka kayar. Tsohon ne.

"Ya ce min ba shi ba ne. Sau nawa yana faɗa min... Baba, ba ni ba ne..."

Tsani ya leƙo ta baki, ya sauko a hankali. Da Ɗanladi ya lallaɓa ya hau, fuskar Baba Barau ya fara gani, sharkaf da hawaye, yana tsaye a kan turmi ya riƙe kan tsanin da hannu biyu. Suka sauko da shi inuwa. Rifkatu ta tallafi kansa tana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, tana zaginsa tana kuka.

"Soko kawai. Da ka mutu fa?"

"Da an ce Injiniya ya mutu a ofis."

Baba Barau ya durƙusa a gaban yaron da ko ɗan cikinsa ya girme shi. "Ka yafe mini."

"Baba, ni da na zo nema?"

"To mu biyu ke nan. Ni na yafe. Ka roƙa mini Ubangiji, na Ɗanbala ya fi ƙarfina."

"Bai fi ƙarfinsa ba," in ji Ɗanladi.

Bayan kwana uku Malam Hambali zai wuce sai ya ja jakinsa ya tsaya. Ɗanladi na bisa bakin rumbu, Baba Barau na ƙasa, ya naɗe wando, ƙafa duk laka, yana cura ƙasa yana cillawa.

"Cafe, sarkin cika baki. In ka bar shi ya faɗi, ba aure."

Lahadin da ta biyo baya tsohon ya miƙe gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi wa ɗansa da abin da ya yi wa surukinsa, ya ja addu'a har ƙarshe ba tari. Aka ɗaura aure bayan ruwan farko, amarya na ɗaure da ɗankwalin nan da ta taɓa ratayawa a keke. Ɗansu na fari suka sa masa Ɗanbala.

Masu karatu, gaskiya na da tsada, Ɗanladi ya saye ta da fatar hannunsa. Amma gafara ba a gina ta da laka. Kyauta ce daga Allah, kuma wanda ya ƙi miƙa wa ɗan'uwansa ita, kansa yake zare wa tsani. Ɗanladi bai daina cika baki ba, tifar nan ma daga baya ta zama jirgin ƙasa. Amma in baƙo ya ga rumbun ya tambayi wanda ya gina shi, nan kaɗai ba ya ƙari. Sai ya nuna layi biyun sama ya ce, "Na ƙasan nawa ne. Waɗancan ne suka rufe shi, kuma miƙo mini aka yi."