Takardar Naɗe Tsire

Wa ya fara cin amanar Ɗantala mahauci, surukin da bai shigo gida ba tukuna, ko 'yar da ya haifa? Har yau 'yar tasa, Hamdiya, tana yi wa kanta wannan tambaya.

Ranar kasuwar Cadawa Mushe Tahiru, wato Malam Tahiru mai neman aurenta, ya tare ta a ƙofar lakol ɗin da suke koyarwa tare.

"Sanyin idona, Kawu ya iso daga Tibiri zai ga danginku. Sai dai... na ce masu Babanki dillalin shanu ne."

"Ka ce mi?"

"Ki gane mana! Gidanmu kaka malami, uba direkta. In suka ji fawa..."

"Wata tara kana cin tsiren Baba kana lashe yatsa, Tahiru! Yau ya yi maka ƙarni?"

"Yini guda kawai. Ki roƙe shi kar ya fita teburi."

Da bakin nan ya rantse mata ba ruwansa da asali. Ta juya, hawaye na zuba.

A hanya wani abu ya fi maganarsa ci mata rai. Bara Baba ya roƙe ta tsofaffin takardun jarrabawarta ya riƙa naɗe tsire da su. Ta hana. Sunanta na saman kowace takarda, ba ta son iyayen ɗalibanta su gan shi jiƙe da maiƙo.

"Ba komai, Madam," ya ce yana yaƙe. Tun ranar bai sake ce mata 'yar Baba ba.

Ta shiga ɗaki ta jawo kwalin takardun daga ƙarƙashin gado, ta nufi kasuwa.

Kasuwa ta cika maƙil. Tana tsaye gefen Baba sai ga Tahiru da Kawunsa a layin mahauta, Tahiru yana sauri kamar an biyo shi.

"Kawu! Bismilla nan!" Hamdiya ta ɗaga murya.

Tsohon ya matso. Tahiru ya daskare, yana yi mata alama da ido.

"Hamdiya, don Allah..."

Ba ta dube shi ba. Ta zaro takarda ɗaya, ta kwashi tsire mai zafi ta naɗe, ta bar sunan a waje: Hamdiya Ɗantala. Ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

"Ga mahaifina, Kawu. Ku karanta takardar kafin ku ci."

Ɗantala ya goge ido da bayan hannu.

"'Yar Baba, ƙara masa yaji."

Ta zaro takarda ta biyu.