Ƙanƙara a Kafaɗar Baƙo

Magariba ta kawo jiki, sanyi na ratsa ƙashi, ni kaɗai na rage a fadamar Hunkuyi ina kashe injin ban-ruwa.

Ranar ya kamata Yaya Siddiƙu ya iso daga ƙasar Turawa. Shekaranjiya ya bugo waya, ya ce ƙanƙara ta rufe filin jirginsu, babban jirgi kuwa ba ko'ina yake sauka ba. Inna ta ɗauka irin tamu ce mai kashe tumatir, ta ce ai ba ta daɗewa, ta sa aka yanka zakara. Tun lokacin wayarsa ba ta shiga.

Ina juyowa sai ga mutum tsaye, kansa a sunkuye, duhu ya rufe fuskarsa. Na yi sallama.

"Samari, ina ake sauka a nan?" in ji shi. "Duk inda muka je sai a ce fili ya cika."

Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Kafaɗunsa da wani farin abu kamar garin rogo. Na kai hannu zan kakkaɓe masa, sanyin ya ƙona min yatsu. Taɓo ne ko'ina, amma takalmansa ba su nutse ba.

Na ce, "Malam, ai nan gona ce."

Karkarwa kawai yake. Na cire bargona na yafa masa. Ya gyara shi da hannun hagu, ya kama hanyar gidanmu, ko godiya babu.

Yaya Siddiƙu bahago ne, kuma bai taɓa ce min na gode ba.