Wayar da Fu'ad Ya Dawo da Ita

Ina sunkuye a kan wata waya da aka tsamo daga kwata, ina goge mata ciki da burushi, sai wani ya ajiye tasa a kan gilashin kantana.

Ban ɗago ba na ce, "Me ya same ta?"

"Ba ta karɓar sim ɗin nan ƙasar."

Burushin ya faɗi daga hannuna.

Shekara shida rabon da in ji muryar nan a kusa da ni, shekara biyu rabon da in ji ta ko a waya. Na ɗago a hankali. Fu'ad ne. Furfura ta fito masa a gemu, shi da bai cika talatin da biyar ba, kuma rigar da ke jikinsa ba tasa ba ce.

Shi ma ya daskare.

"Ruwaida..."

 Na ja wayar gabana, na juya ta, na duba bayanta kamar yadda nake yi wa kowa. Ya fara bayani yana inda-inda, wai a Adum aka canza masa batir, da aka sa sim ta ƙi, sai mai shagon ya ce ya tafi Tafo kusa da tashar trotro, motocin haya, akwai wata mata da ta iya irin wannan aikin. Ya rantse bai san ni ba ce. Na yarda da shi, domin lokacin da ya bar Kumasi katin waya nake sayarwa a ƙarƙashin lema. Bayan tafiyarsa ne Kawu Sumana, ƙanin mahaifiyata, ya koya mini gyara, da idonsa ya raunana kuma ya bar mini shagon.

Na ce masa wayar kulle take ga kamfanin da ya sayar masa da ita a Amurka, sim ɗinsu kaɗai ta sani. Hanya biyu ce. Ko dai mu rubuta wa kamfanin mu nemi lambar buɗewa, a jira kwana uku zuwa biyar, ko in haɗa ta da kwamfuta in gwada ta ƙarfi, amma komai na cikinta zai iya gogewa.

Da sauri ya ce, "A'a. Kar a goge komai."

Na ce to. Na fito da lambar jikin wayar, na rubuta a takarda. Na tambaye shi lambar da za a same shi idan amsa ta zo. Ya ce ba shi da wata wayar. Kwana tara da dawowarsa, yana Sofoline a ɗakin abokinsa Buraima.

Sofoline, ba gidansu na Zongo ba. Na lura, amma ban tambaya ba.

Kowa a unguwarmu ya san ni da Fu'ad. Manyansa sun zo gaisuwa gidanmu kafin ya tafi, aka tsayar cewa da ya samu takardu zai dawo a ɗaura. Shekara huɗu yana kirana kullum, ko yana cikin wanke kwanuka a gidan abincin da yake aiki. Wata Talata ce kiran ya tsaya. Na tura saƙo, shiru. Na kira, a kashe. Bayan sati bakwai yayarsa Habsatu ta zo har ɗakin Mma mahaifiyata, ta zauna a bakin gado, ta ce in yi haƙuri, Fu'ad ya auri wata a can saboda takardu, ya ce in nemi nawa.

Ban yi kuka a gabanta ba. Na ci gaba da tura masa saƙo har wata uku, sannan wata safiya na cire layina na karya shi biyu, na sayi na wani kamfani. Na ce wa mutane tsohon ba ya kamawa a cikin shago.

Daga nan rayuwata ta koma hanya ɗaya. Trotro daga Zongo zuwa Tafo da safe, trotro daga Tafo zuwa Zongo da yamma. Ƙannena biyu suka yi aure suka bar ni. Ƙawayena suka gaji da gayyatata suna da biki. Da rana nakan ja ƙofar shago rabi in ci waakye, shinkafa da wake, ni kaɗai, wayoyin mutane na ta ƙara a cikin durowa, tawa shiru. Maza uku suka zo neman aurena. Ba jiran Fu'ad nake yi ba, na sha faɗa wa Mma haka. Kawai idan namiji ya zauna yana mini magana, sai in ji kamar rediyon maƙwabta ne.

Yanzu ga shi a gabana, gilashi kaɗai tsakaninmu.

Don a tura buƙatar sai an shiga akwatin saƙonsa da ke cikin wayar. Na ce ya buɗe fuskarta, na haɗa ta da intanet ɗin shago.

Ta yi ƙara sau ɗaya.

Ta sake.

Sai ta ɓarke, ƙara a kan ƙara, tana rawa a kan gilashin kamar za ta faɗo. Na leƙa. Sunana ne yake ta gangarowa. Ruwaida. Ruwaida. Ruwaida. Duk saƙonnin da na tura masa ta Facebook a watannin nan da ya yi shiru, na rubutu da na murya, sai yau suke isowa. Kusan ɗari biyu.

Ni mai gyara ce. Na san abin da hakan yake nufi. Wayar nan ba ta taɓa intanet ba tun waccan Talatar.

Na ce, "Ina ka je?"

Ya nemi benci ya zauna. Ya ce a bakin aiki aka kama su, su biyar, don ba su da takardu. Aka karɓe masa waya da ɗamara aka zuba a leda. Wata ashirin da biyu yana tsare, ana ɗaukarsa daga wannan gari zuwa wancan, yana jiran alƙali. Ledar ba ta dawo hannunsa ba sai a cikin jirgin da ya sauke su a Accra.

"Matarka fa?"

"Wace mata?"

Na faɗa masa abin da Habsatu ta ce. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce watannin farko kunya ta hana shi kirana, yana ta ganin gobe za a sake shi. Habsatu kaɗai ya gaya wa. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne ya kira lambata, ya haddace ta ai. Aka ce masa babu wannan layin. Ya kira sau da yawa. Da ya tambayi Habsatu, ta ce na yi aure a Kwadaso, har da ciki.

Layin da na karya da hannuna.

Wata mata ta shigo da caja tana tambaya cikin yaren Twi ko ina da irinta. Na tashi na sallame ta, na dawo na tura buƙatar. Na ce masa ya dawo ranar Litinin. Da zai ɗauki wayar na riƙe ta.

"Bari in share saƙonnin. Na ƙarshe ba su da kyau, Fu'ad. Na yi maka Allah ya isa. Na ce ko gawarka kar a kawo Kumasi."

Ya zare ta daga hannuna a hankali.

"Nawa ne. Ni aka turo wa."

Da na koma gida na gaya wa Mma. Tana tankaɗen garin masara, ba ta tsaya ba. Ta ce ko gaskiya ya faɗa, me ya dawo da shi? Ba sana'a, ba ɗaki, ko gidan ubansa ya kasa shiga. Ta ce shekara shida ya ci mini, ba za ta zuba ido ya ci sauran ba, kuma idan ya tako ƙofar gidanta za ta tara masa unguwa.

Washegari ban buɗe shago ba sai da na biya wurin Habsatu, inda take sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Na zaci za ta musa. Ba ta musa ba. Ta ninke turmin da ke hannunta ta ce ita ma mace ce, ba ta san ranar fitowarsa ba, shekara biyu ko goma, ta ga gara ta sake ni in tafi. Na ce shi kuma fa, me ya sa ta ce masa na yi aure? Ta ce don ya daina kuka a waya. Sannan ta rage murya ta ce duk Zongo an san gidansu da boga, wato ɗansu mai aiko da kaya daga waje. Da wane baki za ta ce yana kurkuku?

Na ce, "Yaya Habsatu, da kin tambaye ni."

Ta kau da kai.

Lambar ta zo ranar Litinin da hantsi. Fu'ad ya iso bayan azahar da sim ɗinsa a naɗe cikin takarda. Na sa, wayar ta nemi lamba, na danna su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan yi jim, sai sandunan layi suka miƙe a sama. Na tura masa ita.

Ya yi godiya kamar baƙo. Ya tsaya kaɗan a bakin ƙofa, na ɗauka zai ce wani abu. Ya tafi.

Bai kira ba.

Lambar shagon na rubuce da jan fenti a kan allon da ke waje, makaho kaɗai ne ba zai gan ta ba. Sati ɗaya, sati biyu. Na koma cin waakye a bayan ƙofa, sai dai yanzu ko rabi ba na iya ci. Duk wayar da ta yi ƙara a durowa sai in zabura in duba tawa. Wannan jiran ya fi na farko ciwo, don yanzu na san trotro biyu ne kawai tsakaninmu. Mma tana kallona tana shiru, irin shirun wanda maganarsa ta tabbata.

A sati na uku na rufe shago da la'asar na hau motar Sofoline.

Na same shi a bakin titin Sunyani yana taya Buraima sauke tayoyi daga mota. Da ya gan ni ya goge hannu a wando, ya ja ni gefe inda mai gasa ayaba take.

Na ce, "Wayar ta sake lalacewa ne?"

Ya ce lafiyarta lau. Ya ce yana sauraron saƙonnin ne, goma a rana, ba ya iya fin haka. Na farko-farko ina tambaya ko ya ci abinci, ko sanyi ya yi yawa. Na tsakiya ina roƙo. Shekaranjiya ya kai na ƙarshe.

"Na ji yadda muryarki take canzawa, Ruwaidata. Ni na yi miki haka. Da na kira ki a satin farko..." Ya haɗiye sauran. "Dube ni. Ko ɗakin da aka rufe ƙofa ba na iya zama a ciki. Me zan kai gidanku?"

Na ce ban zo jin abin da zai kai ba.

"Na jira ka ban sani ba, na jira ka ina sane. Ba zan yi na uku ba. Juma'a bayan masallaci ina gida. In ka zo da manyanka, to. In ba ka zo ba, kar ka sake biyowa ta Tafo."

Na juya kafin ya ga fuskata. A cikin trotro na yi kukan da ban yi a gaban Habsatu ba, wata tsohuwa 'yar Asante tana bubbuga mini baya ba ta san dalili ba.

Juma'a na share tsakar gida sau biyu. Aka sauko daga masallaci, maza suka wuce ta ƙofarmu rukuni-rukuni har suka ƙare. Na shiga ɗaki na cire mayafin da na sa.

Sai na ji sallamar Kawu Sumana.

Shi ne a gaba da sandarsa. Ashe wurinsa Fu'ad ya fara zuwa. Bayansa baffan Fu'ad, sai shi kansa cikin farar riga, sai Habsatu a ƙarshe, idonta a kumbure. Ita ta durƙusa a gaban Mma ta faɗi komai da bakinta, matan gidan haya suna jinta ta labule. Mma ba ta tara unguwa ba. Ba ta kuma ce ta yarda ba. Ta ce da Kawu, "Kai ne ubanta, ka yi yadda ka gani," ta shige ɗaki.

An ɗaura bayan Babbar Sallah, ba taro. Muka kama ɗaki ɗaya a Tafo mai taga biyu. Fu'ad yana zama a kan benci a ƙofar shago yana liƙa gilashin fuskar waya, ina koya masa sauran kaɗan-kaɗan. Har yau bai shiga gidansu da rana ba, ni kuma ban iya gaida Habsatu da fara'a ba tukuna.

Wata huɗu Mma ba ta ce masa uffan ba. In ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ran nan na je duba ta ni kaɗai, shi ya tsaya a waje kamar kullum, a jikin katangar masallaci. Ina zuba mata ruwan alwala ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Rana ta yi zafi. Ce masa ya shigo, in ya so a bar ƙofar a buɗe."