Shawar Da Garzali Ya Hana A Gyara

Ku matso kusa, ku rage murya. A kashe tocilan nan.

Garzali maƙwabcinmu ne a Funtuwa, mutum mai son a ce ya iya. Matarsa Siyama ta daɗe tana mitar shawar banɗakinsu: ɗis, ɗis, ba dare ba rana. Ta ce a kira mai gyaran famfo, ya ce a gidansa? Yana raye?

Ranar ya dawo daga kasuwa rana ta yi ja. Siyama ta ce ya bari sai da safe, magariba ta kawo kai. Ya yi mata kunnen uwar shegu. Ya kwance kan shawar da filaya, ya tarar gishirin ruwan burtsatse ya toshe ramukan, robar ciki kuma ta cinye. Ya jiƙa shi a tafasasshen ruwa da lemon tsami, ya bi ramukan da tsinke, ya sa sabuwar roba, ya naɗa farin tef, ya ɗaure. Ɗigo ya tsaya. Aiki kam ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Sai ya ɗauki sauran ruwan nan yana tururi, ya sheƙa shi a rariya. Bai yi addu'ar shiga ba, bai ce a kauce ba. Abin da kowace uwa take koya wa ɗanta tun yana ƙarami.

Bai gama wanke hannu ba 'yarsu Ikilima, da ke goye a bayan uwarta, ta tsanyara kuka. Aka sauke ta. Hannunta na dama ya yi jawur, ya tashi kamar ƙuna, ga shi ko kusa da wuta ba ta je ba.

Nan aka yi sallama a zaure. Muryar mace ce, amma kamar daga cikin bututu take fitowa.

Garzali ya fita. Wata doguwar mata ce da baƙin mayafi, riƙe da jariri cikin jiƙaƙƙen zane. Ya sunkuyar da kai zai gaishe ta, idonsa ya sauka a ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba. Ruwa na zuba daga gefen zanenta: ɗis, ɗis.

"Maƙwabci," ta ce, "sannu da aiki."

Ya ja da baya.

Ta yaye zanen. Hannun jaririn na dama ya saluɓe.

A hankali ta yi magana, ba faɗa. Ta ce tun kafin a gina gidan suke wurin. Ɗigon nan shi suke sha, da shi take wa ɗanta wanka. Kullum Garzali yakan faɗa banɗaki ba addu'a, har da waƙa. Su kuwa sai su juya baya, su rufe idon yaransu, don kada su ga tsiraicin maƙwabci.

"Mun rufa maka asiri. Kai ko a kauce ba ka ce mana ba."

Tsoro ya ji, amma kunyar ta fi. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa a ƙasan zaure, babban mutum da gemunsa, kukan 'yarsa na sukar kunnensa.

"Baiwar Allah, na yi laifi. Ki bar mini yarinyar."

"Ba ni na taɓa ta ba. Uban yaron ne, yana ciki. Nawa sai da ruwan sanyi zai warke. Taka kuma sai nawa ya warke."

Garzali ya miƙe. A ƙofar banɗaki ya tsaya, ya yi addu'ar shiga, ya shiga da ƙafar hagu. Duhu. Sanyi. Wani abu na numfashi a lungu. Bai waiwaya ba. Ya lalubi kan shawar, ya kwance, ya zare sabuwar robar da ya gama alfahari da ita, ya mayar.

Ɗis.

Ɗis.

Numfashin ya lafa. Kukan Ikilima ya yanke.

Da ya koma zaure ba kowa, sai jiƙaƙƙen sawu da ya fuskanci waje. Shi dai ya san ciki ta koma.

Kafin gari ya waye hannun Ikilima ya saɓe, saura ɗan tabo kamar ƙwayar gero. Siyama ce ta gaya wa innata, ita ma a kunne.

Har yau shawar nan tana ɗiga. Ƙannen matarsa kan yi masa tsiya, wai gwanin gyara ya kasa roba ɗaya, a ba su filaya su nuna masa. Mutumin da a da ba a gaya masa magana, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku bar ta. Na kasa."

To, wanda fitsari ya matsa a cikinku, ya yi addu'a a bakin ƙofa, kuma kada ya tafi shi kaɗai.